Ƙanwata ta tura kafin alƙalami na tiyatar zuƙe kitsen ciki

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen ma'aikatan lafiya da ke cikin gidan nan. Ƙanwata ce ciki ɗaya, tana aure a Tumfure, haihuwarta huɗu, biyun ƙarshe duk aiki aka mata aka ciro, tun daga nan cikin ya ƙi komawa, in ta sa doguwar riga sai ki rantse ciki ne da ita wata biyar, a gidan suna har Allah raba lafiya ake mata. To yanzu ta ga wata a Instagram tana tallan laifosokshan, wato tiyatar zuƙe kitse, a Abuja, wai da safe a yi miki da yamma a sallame ki, ta sayar da sarƙar gwal ɗinta ta tura musu kafin alƙalami, mijin ma ya amince. Ni dai tun jiya gabana faɗuwa yake. Wacce ta san abin nan ta gaya min tsakani da Allah meye haɗarinsa.

Ummu Sudais:
Wslm. Maman Hanif ki kwantar da hankalinki, abin nan ya zama ruwan dare ynz, ƙawata ta yi a Alƙahira bara kuma lafiyarta lau, in kin ganta ba za ki ce ta taɓa haihuwa ba. Tunda da kuɗinta kuma da izinin mijinta ai sai addu'a.

Goggo Asabe:
Hmm. Ku yara ne lokacin shi ya sa. Matar shugaban ƙasa fa, Stella Obasanjo, wannan aikin ne ya yi ajalinta a Sifen ranar 23 ga Oktoba 2005, washegarin da jirgin Bellview ya faɗi, ƙasar nan makoki biyu ta yi a haɗe. Ba ta rasa kuɗi ba, ba ta rasa gata ba, kuma a Turai aka yi. Ni da na ji an ce zuƙe kitse ita nake fara tunawa.

Ummu Sudais:
Goggo kwananta ne ya ƙare. Kuma shekara nawa kenan, ilimi ai ya ci gaba.

Sista Rabi:
Bari in ɗan yi bayani tunda a ɗakin tiyata nake aiki. Mutane na ɗauka allura ake sawa a ja kitse ya fito shikenan, to ba haka bane. Ana ɗan tsaga fata wurare kaɗan, a fara ɗura ruwa lita-lita a ƙarƙashinta, ruwan gishiri irin wanda ake ƙara wa marar lafiya, an haɗa shi da lidoken mai kashe zafi da adirenalin mai matse jijiyoyin jini. Sai a zura wani dogon ƙarfe mai rami, kaurinsa milimita 3 ko 4, a dinga turawa ana jawowa da ƙarfi babu adadi yana farfasa kitsen, inji na zuƙowa cikin kwalba, kina ganinsa rawaya-rawaya gauraye da jini. Abin da nake so ku gane, likitan baya ganin bakin ƙarfen nan, da ɗaya hannun yake lalubensa ta saman fata. Tsakanin kitsen da hanji kuwa naman ciki ne kawai, ita kuma ƙanwarki an yanka wurin har sau biyu, akwai tabo, wataƙila ma akwai inda naman ya yi rauni ko hanji ya ɗan turo ta cibiya bata sani ba. In ƙarfen ya kauce ya huda hanji ba lallai a gane a take ba, sai ta koma masauki ciki ya fara murɗa ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya taso, in ta kira su su ce ai zafin aiki ne sha magani ki kwanta.

Dakta Fa'iza:
Abin da Sista ta faɗa a ƙarshen nan shi ne ya faru da Stella. Kotu a Malaga ta bi diddigin maganar, a 2009 ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya saboda sakaci, an gano ƙarfen ya shige cikin ciki ya huda mata hanji, sannan aka yi jinkirin kai ta inda za a cece ta. Kwana na hannun Allah Ummu Sudais, babu musu, amma sakaci ma sunansa sakaci.
Ba zan ce duk wacce ta yi mutuwa take ba, ƙarya ne, mafi yawa suna tashi lafiya. Wani bincike da aka fitar a Amurka a shekarar 2000 ya samu kusan mutum 1 cikin 5,000 na rasa rai, kuma abin da ya fi kashe su gudan jini ne da ke tafiya ya toshe huhu. Binciken baya-bayan nan sun nuna adadin ya ragu a hannun ƙwararru. Amma ki lura, wancan lissafin ma na likitocin da suka karanci fannin ne, a ƙasar da in abu ya kwaɓe motar asibiti na zuwa cikin mintuna.
Ni tambayata ta farko ma ba ta haɗari bace. Maman Hanif, wa ya duba ta ya tabbatar kitse ne a cikin nan? Mace mai haihuwa huɗu, sau da yawa naman ciki ne ya rabe biyu ta tsakiya saboda goyon ciki, kayan ciki suka turo gaba. Ko fatar ce ta saki. Ko ƙari ne a mahaifa, mun sha ganin mace na ta shan shayin rage tumbi ashe faibroid ne. Ko kitsen na can ciki ne naɗe da hanji da hanta, wanda ƙarfen nan ba shi da ikon zuwa wurin. Duk waɗannan zuƙe kitse baya maganinsu, in fata ce ta saki ma ƙara zubowa za ta yi.

Maman Hanif:
Wlh Dakta ba wanda ya duba ta. Hoto suka ce ta turo ta WhatsApp, gaba da gefe, suka faɗa mata kuɗi.

Dakta Fa'iza:
Innalillahi. Da hoto ake gane ƙari a mahaifa? Wannan kaɗai ya isa ki ce mata ta dakata.

Ummu Sudais:
Ni fa abin da ke ɓata min rai, in mace ta tashi gyara jikinta sai kowa ya taso da tsoratarwa. Aikin haihuwa babu haɗari ne? Ai sau biyu aka mata ba wanda ya ce kar a yi. Baku san abin da mace ke ji ba in ta tuɓe gaban madubi, ko miji ya fara jefa magana a fakaice, ko dangin miji su sa ki a baki wai kin zauna kina ci kin zama buhu. Ba kowacce ke iya ɗauka ba, wata kuka take a ɓoye.

Sista Rabi:
Ummu na fahimce ki wlh, ba mai raina damuwar nan. Amma aikin haihuwa ana yinsa ne don in ba a yi ba uwa ko ɗa zai iya tafiya. Nan kuwa mace ce lafiyayya za ta shiga da ƙafarta, shi ya sa ko ƙanƙanin haɗari ne dole a auna shi da kyau.

Adda Hauwa:
To ni na yi, kuma ba na ɓoyewa. A Legas aka min, ciki da gefe da gefe, a wani asibitin kuɗi da ba sai na ambaci suna ba. Bari in faɗa muku abin da masu talla basa sawa a bidiyo.
Kwanakin farko ruwa mai jini-jini ne ke ta tsiyaya daga ƙananan ramukan nan, sai na shimfiɗa leda da tawul a gado, in na miƙe jiri ya kwashe ni. Ciki ya yi baƙi-baƙi da shuɗi har cinya. Sannan ga rigar matsi da za ki sa dare da rana sati huɗu zuwa shida, ni kuma na dawo Gombe ana tsakiyar zafin bazara, ba wuta, zufa na taruwa a ƙarƙashinta, ƙuraje suka feso min, in kin cire kuma kumburi ya dawo. Ana cikin haka ruwa ya taru a ƙasan cibiyata, in na taɓa sai in ji yana motsi lukwi-lukwi, na kira su suka ce in je a min tausa zai baje. Bai baje ba, sai da wani likita a nan gida ya sa sirinji ya dinga zuƙewa, kuma ya min faɗa sosai cewa da ƙwayar cuta ta shiga da labarin ya canza. Daga nan waɗancan suka daina ɗaga wayata.
Yanzu in na sa kaya alhamdulillah cikin ya ragu, ba zan musa ba. Amma in na tuɓe fatar ba sumul take ba, tudu da kwari kamar tsohuwar katifar auduga, wani wurin ya yi tauri, kuma akwai gefen da har yau in na tsunkule bana ji sosai. Ramukan sun bar baƙin tabo, ɗaya ma ya taso ya yi kauri yana ƙaiƙayi.

Zee Baby:
Subhanallah Adda. To kitsen bai dawo ba dai ko?

Adda Hauwa:
Ya dawo mana Zee, amma ba a inda aka zuƙe ba. Damtsena da bayana da saman cikina ne suka cika, rigunan da nake sawa da yanzu a hannu suke kama ni.

Dakta Fa'iza:
Adda Hauwa Allah ya saka da alheri, ba kowa ke iya fitowa ya faɗi haka ba. Abin da kika gani an yi bincike a kai a jami'ar Kolorado a 2011, matan da aka zuƙe wa kitse a cinya da ƙugu, cikin shekara ɗaya kitsen jikinsu ya koma yadda yake, sai dai ya canza mazauni, ya fi taruwa a ciki. Ƙwayoyin kitsen da aka cire sun tafi, amma waɗanda suka rage suna iya ƙara girma.
Masu tunanin zai rage musu suga ko hawan jini kuma, a 2004 an gwada a Amurka, an cire wa wasu mata masu ƙiba kitse kusan kilo 10 daga ciki, aka sake auna su bayan makonni, suga da hawan jini da kitsen jini duk basu gyaru ba. Domin kitsen da ke jawo waɗannan na can ciki ne. Tun da wani likita ɗan Faransa, Illouz, ya fito da salon nan a ƙarshen shekarun 1970, don daidaita sura aka yi shi ga wanda nauyinsa ke kusa da daidai amma wani wuri ya ƙi sauka. Ba maganin ƙiba bane.
Tabon da ya taso kuma, mu baƙar fata mun fi kowa yin irinsa. Duk wacce ta san hujin kunnenta ko tabon aikin haihuwarta ya taɓa tasowa ya yi ƙullutu ta sa wannan a lissafi.

Maman Hanif:
Na kira ta ynz muka yi magana. Ta ce lita 6 suka mata alƙawarin cirewa, za ta kwana ɗaya a otal washegari ta biyo mota ta dawo saboda yara na makaranta. Na tambaye ta magunguna ta ce ƙwayar tazarar haihuwa kawai take sha, sai man da take shafawa na haɗi.

Sista Rabi:
Lita 6 a sallame ta ta kwana a otal?? La ilaha illallah.

Dakta Fa'iza:
Maman Hanif ki karanta mata wannan da kyau dan Allah.
Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta ce duk abin da ya wuce lita 5 babban aiki ne, a asibiti za a kwana ana lura da numfashi da bugun zuciya da fitsari. Dalili, ruwan da aka ɗura da yawa yana shiga jini, zai iya yi wa zuciya yawa ya taru a huhu, ko kuma jini da ruwan jiki su zube da yawa ƙoda ta tsaya. Matanmu da yawa dama jininsu a ƙasa yake, ta san PCV ɗinta, wato awon yawan jininta, nawa ne? Sun ma ce ta auna?
Sai lidoken ɗin nan. A hankali yake tsotsuwa daga cikin kitse, baya kai ƙololuwarsa a jini sai bayan awa 12 zuwa 14. Ki lissafa, in an yi da ƙarfe goma na safe, tsakar dare kenan, tana ɗakin otal ita kaɗai ko da wata ƙawa. In ya yi yawa leɓe da harshe su fara mutuwa, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne na ƙara, magana ta harɗe, daga nan sai jijjiga, zuciya ta rikice. A asibiti akwai abin da ake yi, a otal fa?
Tafiyar mota kuma ita ta fi tayar min da hankali. Abuja zuwa Gombe ta Jos da Bauchi wuni guda ne ƙafa a lanƙwashe. Wacce aka yi wa tiyata jininta na saurin daskarewa, ga zama wuri ɗaya, ga kuma ƙwayar tazarar haihuwa, in mai sinadarin istirojin ce ita ma tana ƙara wannan haɗarin, shi ya sa ake cewa a dakatar da ita sati huɗu kafin babban aiki a koma wata hanyar. Gudan jinin a ƙafa yake farawa, sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, in ya ɓalle ya tafi huhu sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗau ciwo, wata tana cikin magana za ta faɗi. Shi kansa kitsen da aka farfasa yana iya shiga jijiya ya tafi huhu ko ƙwaƙwalwa, yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku. In ya same ta tsakanin Alƙaleri da Gombe wa zai taimake ta?
Man haɗin kuma ta faɗa wa duk likitan da zai taɓa ta. Da yawansu akwai sitiroid a ciki, yana sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, ƙwayar cuta ta samu hanya. Akwai wata cuta mai cin naman ƙarƙashin fata, ba a cika samunta ba amma in ta shiga cikin awoyi take yaɗuwa, wurin ya yi ja ya yi zafi fiye da kima sannan ya fara baƙi.

Goggo Asabe:
Ku ji fa. Allah ya tsare mana zuri'a.

Madam Rifkatu:
Ni a kemis nake, kuma akwai abin da ban ji an taɓo ba. 'Yan mata da amare da yawa suna zuwa neman sha ka fashe don su yi ƙiba kafin biki, in mun hana su je gaba su saya. Dekza, wani maganin sitiroid, ce a ciki mafi yawa, kuma ƙibar da take sawa a fuska da wuya da ciki take taruwa, hannu da ƙafa su tsuke. Bayan shekara biyu sai ki ga yarinya da tumbi tana neman inda za a zuƙe. Maman Hanif ki tambaye ta a hankali ko ta taɓa sha, ba don tonon asiri ba, wacce ta daɗe tana shan dekza in aka mata tiyata ba a sani ba jininta na iya faɗuwa warwas a kan gadon aiki. Haka masu shan shisha da masu haɗe-haɗen tafarnuwa da citta da kayan mata kullum, duk a faɗa wa likita.

Malama Hafsatu:
Ta ɓangaren addini, tunda an tambaye ni ta gefe. Malamai sun bambanta tsakanin gyaran aibi da neman ƙarin ado. Sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi SAW ya umarce shi ya sa na zinare, wannan gyaran aibi ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Malesiya a 2007 ta ce rage ƙiba ta hanyar tiyata ya halatta idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanyar, kuma an aminta daga cutarwa. Ku dubi sharaɗin ƙarshen nan ku haɗa da abin da Dakta ta zayyana. Izinin miji kuwa baya mayar da abin da zai cutar ya zama halal, kuma shi ma za a tambaye shi in maganganunsa ne suka tura ta.

Ummu Sudais:
Malama wannan na ƙarshen shi ne magana. Amma ni har ynz ina kan bakana, in aka samu ƙwararre a asibitin kirki ban ga laifi ba. Lita 6 da otal ɗin nan dai ni ma ban yarda da shi ba, ƙawata kwana biyu ta yi a asibiti kuma ta jima a can kafin ta hau jirgi.

Zee Baby:
Dakta to wanda ake ɗiban kitsen ciki a mayar a mazaunai fa? Shi naga 'yan mata sun fi so.

Dakta Fa'iza:
BBL kenan, shi ya fi duka haɗari Zee. Akwai manyan jijiyoyin jini a cikin naman mazaunai, in aka ɗura kitsen a cikin naman ya shiga jijiya, kai tsaye zuciya da huhu yake tafiya, wasu a kan gadon aikin suke cikawa. Wani rahoto na 2017 ya ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 3,000, shi ya sa aka kafa ƙa'idar cewa a ƙarƙashin fata kawai za a zuba, kar a taɓa naman. Wa zai tabbatar miki wanda ya miki ya bi ƙa'idar kina barci?
Ummu Sudais ban ƙi taki ba, amma ƙwararren sai an tantance. Ta nemi cikakken sunan likitan, ba sunan shafin Instagram ba. Yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya? Ya yi karatun ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki a kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa, ko dai kwas ɗin sati biyu ya je ya dawo da satifiket? Yana cikin ƙungiyarsu ta NAPRAS? Wa zai ba ta maganin barci, likitan fannin ne zai tsaya a kanta har a gama? Akwai ICU, wato ɗakin kulawa ta musamman, da jini a ajiye a wurin? In abu ya taso bayan ta dawo Gombe wa zai duba ta? Wanda ya san aikinsa baya jin haushin waɗannan tambayoyin, shi da kansa ma zai ce sai ya gan ta ido da ido ya sa ta yi gwaje-gwaje.

Maman Hanif:
Na tura mata duka har da na Adda Hauwa. Kuɗin da ta tura ne ke mata ciwo, sun ce ba a mayarwa. Na ce mata ta fara zuwa FTH, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, a yi mata sikanin a ga likitan tiyata tukuna, Hamma ma zai yi wa mijin magana gobe in sha Allah.

Maman Ilham:
Dakta yi haƙuri na shigo a makare. Wannan rabewar naman cikin da kika ce, mutum zai iya ganewa a gida? Nima tun haihuwar 'yan biyu cikina haka yake, in na tashi daga kwance sai tsakiyar ya yi tsini.

Dakta Fa'iza:
Za ki iya gwadawa. Ki kwanta rigingine ki lanƙwashe gwiwa, ki sa yatsunki a jere a saman cibiya kaɗan, sai ki ɗaga kai da kafaɗa kamar za ki kalli ƙafarki. Za ki ji nama ya yi tauri dama da hagu, ki ga yatsa nawa ke shigewa tsakaninsu. Ki sake gwadawa a kan cibiyar da ƙasanta.

Maman Ilham:
Na gwada ynz, uku sun shige a sama, a ƙasa biyu.

Dakta Fa'iza:
To da alama shi ne, amma a duba ki a tabbatar ba hanji ne ya turo ba. Ki daina motsa jikin nan na kwanciya ana tashi zaune da ɗaukan jarka mai nauyi, suna ƙara buɗa shi, in za ki tashi daga gado ki fara juyawa gefe. Ki je asibiti ki ce a haɗa ki da masu fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki, akwai atisayen da za su koya miki na naman can ciki, watanni yake ɗauka kafin ki ga canji. 'Yan biyun watansu nawa yanzu?